Jinin Da Ya Fito Fari

Tun da na fara ba ku labarina, masu karatu, akwai masu rubuto min suna cewa, "Lailatu, ke kam ba ki da laifi, Allah ya saka miki." Na gode da addu'a, amma ku ɗan riƙe ta tukuna. Yau zan faɗi abin da nake ta kewayewa, in kun gama karantawa sai ku ga ko har yanzu kuna da irin wannan saƙon.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: ni 'yar Birnin Kudu ce, shekarata ashirin da uku, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibitin kuɗi. Wanda zan aura kuwa Ikrima ne, ɗan gidan malamai a Gwaram, yana koyarwa a Islamiyyar da kakansa ya kafa. An sa mana rana bayan girbi. Ba wanda ya tilasta ni, ni na gani na ce ina so, Baba kuma da bakinsa ya ce bai taɓa ganin yaro mai natsuwa irinsa ba.

Wata Laraba da hantsi aka shigo da shi asibitinmu. Ta tagar ɗakin gwaji na hango shi an riƙo shi, ya dunƙule kamar mai ruku'u, farar jallabiyarsa ta jiƙe da gumi. Yana cewa ciwon a ƙasan ƙirji yake, yana ratsawa ya fita ta baya, in ya kwanta rigingine sai ya ji kamar ransa zai fita, sai ya zauna ya sunkuya yake ɗan samun sauƙi. Ƙanwarsa Ummussalma, wadda ƙawata ce, tana riƙe da robar amai. A bayansu kuma mahaifiyarsa ce, Hajiya Batulu, cikin babban mayafi ruwan toka da carbi a hannu.

Ganina da ita na biyu ke nan a duniya. Na ja hijabina har kan gira, na koma bayan ƙofa na laɓe. Ku da kuke Hausawa ba sai na yi muku bayani ba. Yarinyar da aka sa wa rana ba ta fitowa ta tsaya gaban uwar miji tana zuba magana, balle ta kama hannun ɗanta tana neman jijiya. Wata nas na roƙa ta ɗebo min jinin. Ogana Malam Iliyasu ya tafi ta'aziyya Basirka tun da safe, ni kaɗai ce a ɗakin.

Cikin gwaje-gwajen da aka rubuta akwai wanda muke kira amilez. Bari in yi muku shi a taƙaice. Akwai wata 'yar tsoka da ke kwance a bayan tumbi, likitoci suna ce mata fankiriyas, ita ke fitar da ruwan da ke narka abinci. In ta kumbura, ruwan nan sai ya fara cin ta ita kanta, ya kuma malalo cikin jini. Abin da muke aunawa ke nan. In ya ninka ƙa'ida sau uku ko fiye, ga kuma irin wannan ciwon, to an gano ɓarawon.

Na sa jinin a injin da ke juya shi. In lafiya ƙalau, jan ya kwanta a ƙasa, ruwan sama ya fito garai-garai kamar man gyaɗa. Da na ɗago kwalbar Ikrima sai na ga saman fari fat, kamar an zuba kindirmo.

Na san abin da aka koya mana, ba zan ce ban sani ba. Jini yana yin fari in mutum bai daɗe da cin abinci mai maiƙo ba, ko kuma in kitse ya yi masa yawa a jini fiye da hankali. In na biyun ne, kitsen yana rufe wa injin ido, amilez ya fito daidai alhali ya yi sama. Sai an sirka jinin da ruwan gishiri an sake aunawa, a kuma rubuta wa mai duba mara lafiya cewa jinin fari ne. Tambaya ɗaya ce za ta raba min gardama: yaushe rabonsa da abinci? Taku goma ne tsakanina da amsar. Amma Hajiya Batulu tana zaune a benci daidai bakin ƙofata, ina jin ƙarar carbinta.

Na ce a raina, mutumin Gwaram ne, wa ya san kwanon fura da nono nawa aka ɗura masa da safe. Na auna shi haka nan. Tamanin da bakwai ya fito, ƙa'idarmu ƙasa da ɗari. Na rubuta lambar da kyakkyawan rubutuna, akwatin da ke ƙasan takarda inda ake rubuta yanayin jini kuwa na bar shi wayam. Na miƙa wa Ummussalma ta taga, na yi ƙasa da murya na ce ta ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, ba komai a jinin.

Ina ji tsohuwar ta ce, "Allah ya yi mata albarka."

Wallahi na ji daɗi. Wannan ne abin da ya fi ci min rai har yau. Mutum yana can yana murƙususu, ni ina bayan ƙofa ina murmushi don surukata ta sa min albarka.

Jami'in da ke duba marasa lafiya ya ga lamba daidai, ya ce gyambon ciki ne. Aka yi masa ƙarin ruwa leda ɗaya da allurar kashe ciwo, aka ba shi magani, suka koma Gwaram. Kun kuma san yadda ake jinyar gyambon ciki a gidajenmu. Nono da safe, kunun gyaɗa da rana, a narka man shanu a zuba a kai don ya shafe cikin. Duk abin da ya amayar a sake dama wani. Ni kuma ina tura masa saƙo, "Malam, ka daure ka riƙa ci ko kaɗan ne, kar ka bar cikinka ba komai." Ya amsa min da kalma ɗaya, "To." Da na ga gajartar amsar har fushi na yi.

Ranar Asabar ya faɗi a bakin alwala. Wannan karon babban asibiti aka wuce da shi kai tsaye.

Ummussalma ce ta riƙa turo min hotunan takardun ɗaya bayan ɗaya, tana cewa in fassara mata. Ina zaune a kan kujerar aikina na buɗe na farko. A ƙasan takardar, a irin akwatin da ni na bari wayam, wani ya rubuta cewa jinin fari ne, an sirka kafin a auna. Amilez ya haura ɗari tara. Ɗaya gwajin, laifez, wanda ya fi shi tabbas kuma ba mu da shi a wurinmu, ya ninka ƙa'ida fiye da sau goma. Hoton ciki ya nuna tsokar ta kumbura, ruwa ya taru a gefenta, amma ba tsakuwa a matsarmama. Gwajin hanta lafiya lau. Kitsen jini kuwa, wanda ake so ya tsaya ƙasa da ɗari da hamsin, nasa ya wuce dubu biyu.

Na rubuta mata, "Ranar Laraba da kuka zo wurinmu, ya ci wani abu da safe?"

"Ina fa," ta amsa. "Tun Talata da la'asar ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Me ya sa?"

Na ce ba komai. Kalmar nan dai da na saba.

Aka hana shi ci da sha gaba ɗaya, aka jera masa ƙarin ruwa, kwana huɗu likita bai yarda ya ce wa kowa ya fita daga haɗari ba. Ni kuma na shiga azumin da ba niyya. Umma ta ɗauka soyayya ce ke cina, tana tsokanata wai tun ba a kai ni ba na fara ramewa.

Ana wata ga wata. Yayana Munzali, wanda shagon gyaran waya gare shi kuma yake ganin duk ilimin duniya yana cikin aljihunsa, shi Baba ya tura dubiya. Ya leƙa fayil ɗin da ke ƙarshen gado, ya kwafi sunan ciwon, ya tambayi wayarsa. Kafin ya iso gida ya riga ya rubuta a zauren danginmu na waya:

"Na duba ciwon angon namu. Manyan dalilansa biyu ne, tsakuwar matsarmama da shan giya. An yi hoto, ba tsakuwa. Ku ƙarasa lissafin da kanku."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu magana, amma ƙuƙumin Munzali a wuyan wani ya ɗaura shi. Nan da nan aka tuno Ikrima ya yi shekara huɗu yana karatu a Jos. Gwaggonmu ta Sundimina, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa ganinsa ba, ta turo murya ta minti shida tana cewa ita dama shirun yaron nan bai kwanta mata ba. Na rubuta cewa akwai dalili na uku, na huɗu ma akwai. Munzali ya amsa da cewa so hana ganin laifi, aka bi shi da hotunan dariya. Ban ƙara ba, don na san in na ja zaren, ƙarshensa a hannuna yake.

A gida Umma ta daina ɗinkin labulayen ɗakina. Atamfofi uku da ta ware don fitar biki ta mayar da su ƙasan akwati, ta ɗora bargo a kai. Baba bai ce min uffan ba, gaisuwa kawai yake amsawa. Ranar Talata na ji yana gaya wa Umma cewa ran Juma'a zai tura Kawu Gwaram a ɗaga ranar. Kowa ya san ranar da aka ɗaga ba a sa wata ba, ta tafi ke nan.

Ranar Laraba na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan ƙasa, ko kwalli ban sa ba, na tafi asibitin. Kunyar da ta hana ni taku goma, yau ban san inda ta shiga ba. Ikrima yana jingine da filo uku, leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa. Hajiya Batulu ta tashi za ta ba mu wuri, sai ta tsaya ta kama hannuna ta ce kar in sa komai a raina, ni na yi nawa, injinmu ne ƙarami. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

A baranda Ummussalma ta ba ni sauran labarin. Likita ya tambaye su ko akwai mai irin wannan ciwon a gidan. Sai aka tuna mahaifinsu da ciwon ciki ya rasu yana da shekara arba'in da shida, a lokacin aka ce sammu ne. Ƙanen mahaifin ma haka. Likita ya ce dukkansu a auna su da safe kafin su karya. Nata ya fito ɗari bakwai. Ya ce kitsen nan gado ne, ba abin da Ikrima ya sha ko ya aikata, kuma in ana shan magani ana kiyaye maiƙo ana iya zama da shi lafiya.

Maganar giyar ta riga ta isa Gwaram. Mutum biyu sun cire 'ya'yansu daga Islamiyyar. Da na koma ciki Ikrima ya zaro takardun daga ƙarƙashin filo ya miƙo min. Muryarsa can ƙasa.

"Laila, ki kai wa Baba. Ke kika san karatunsu, ni ban sani ba. Ciwon zan iya ɗauka, amma a ce ɗan Malam mashayi ne, a gidan da ake karanta Alƙur'ani tun kakana, wannan ba zan iya ba."

Na ce to. Na so in faɗa masa abin da na yi wa jininsa, na fasa.

Washegari bayan la'asar na sami Baba a tsakar gida, a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, yana duba samfurin riɗin da aka kawo masa daga gona. Munzali yana gefe yana danna waya. Umma tana bakin madafi tana tsince shinkafa, kunnenta yana wurinmu. Na durƙusa na ce ina da magana. Baba ya ture farantin riɗin.

Na shimfiɗa takardun na bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar ina gaban masu jarrabawa. Na nuna masa wanda ya tabbatar da ciwon. Na nuna masa na hanta, na ce mutumin da ya sha abin da zai kumbura masa ciki haka, da wuya hantarsa ta fito tsaf kamar wannan. Na ɗora yatsa a kan dubu biyun, na ce ga mai laifin nan, kitse ne ya cika jinin har ya koma fari. Baba ba ya karanta boko sosai, amma ya san lamba, ya kuma san bambancin ɗari da hamsin da dubu biyu.

Munzali ya ajiye wayarsa. Ba wawa ba ne, wannan ne matsalarsa.

"To tsaya. In jinin ya lalace haka, ke da kika auna shi ran Laraba me ya sa kika ce ba komai? Ko naki ƙarya ne, ko wannan aka gyara don a rufa masa asiri. Wanne ne?"

Ina iya cewa injinmu ne ƙarami. An riga an ba ni wannan ƙaryar kyauta, daga bakin uwarsa ma. Amma in na faɗe ta, Munzali zai ce to ashe takarda ba abin yarda ba ce, mu koma inda muka fito.

"Nawa ne ƙarya," na ce. "Na ga jinin fari tun ranar. Na san ya kamata in tambaya ko ya ci abinci, in sirka in sake aunawa. Innarsa tana bakin ƙofa, na ji kunyar fita. Na rubuta lambar haka nan, ban faɗa wa kowa ba. Kwana ukun da ya yi a gida ana ba shi nono da man shanu, ni na jawo."

Umma ta yi salati a hankali, tiren shinkafar ya karkace a cinyarta. Baba ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi wa buhun da aka ce masa cikakke ne ya ɗaga ya ji ba nauyi. Ban yi kuka ba. Wani irin sauƙi ma na ji, na ce a raina na biya, ko me zai biyo baya na wanke shi.

Baba ya juya ga Munzali. Bai ɗaga murya ba. Ya ce abin da ya rubuta ƙazafi ne, yanzu a gabansa zai goge shi ya rubuta gaskiya a wurin, gobe kuma ya hau babur ya je Gwaram ya durƙusa gaban mutanen gidan ya nemi gafara, in ya so a bakin masallaci a faɗa kowa ya ji. Munzali ya sunkuyar da kai yana dannawa. Ina kallon saƙon ya ɓace daga wayata. Zuciyata ta yi fari, har na fara tunanin yadda zan gaya wa Ikrima.

Sai Baba ya sake ɗaukar takardar ya ce, "Shi kitsen nan, daga ina yake zuwa?"

Ina iya cewa abinci ne. Amma bakin da ya gama faɗin gaskiya mai ɗaci, sai ya ga kamar sauran ba komai ba ne. Na ce gado ne. Ya tambayi labarin mahaifin, na faɗa masa, har da na ƙanen mahaifin. Ya tambayi na ƙanwar, na faɗa masa. Ya tambayi makomar 'ya'yan da za a haifa, na ce ana iya samu ana iya rashin samu, kuma akwai magani, likita ya ce in an kiyaye ana tsufa da shi. Na faɗi wannan har sau biyu.

Ya ninke takardun daidai yadda suke, ya miƙo min da hannu biyu.

"Yaron nan mutumin kirki ne, an zalunce shi, kuma za a wanke shi. Amma Kawunki zai je gobe kamar yadda na ce."

"Baba, ai na nuna maka ba ya sha."

"Na gani. Da sha ne, Lailatu, da na ce a ba shi shekara guda a gani, don mai sha yana tuba. Wannan kuwa ta ina zai tuba? Uban a arba'in da shida, ƙanen uban haka. Ba zan kai ki inda zan riƙa ƙirga miki kwanakin takaba tun kafin a ɗaura ba." Ya ja farantin riɗinsa gabansa. "Abin da kika faɗa a kan aikinki kuma ya tsaya a gidan nan. Kin ji ni."

Na ji shi. Na tashi na shiga ɗaki, na zauna a bakin gado da takardun a cinyata. Ga abin da gaskiyata ta saya, masu karatu: na wanke masa suna, na kuma miƙa wa Baba dalilin da ba roƙon da zai kankare shi. Da na bar shi a mashayi, da ina da shekara guda.

Wayata ta yi ƙara. Ikrima ne, saƙo mafi tsawo da ya rubuta tun da ya kwanta.

"Yanzu Ummussalma ta nuna min abin da Yaya Munzali ya rubuta, wani ne ya turo mata. Alhamdu lillahi. Yau aka ba ni kunu cokali biyar ya zauna. Inna ta ce in gaya miki ba ta da abin da za ta biya ki. Me Baba ya ce a kan ranar?"

Alamar da ke jikin saƙon ta nuna masa na karanta. Ga sunansa nan a saman wayar, yana kan layi, yana jira.